Na gaida mai abinci da yaren Tailan, ta amsa min da sallama

1/ Jama'a, yau dogon zare zan yi, mai sauri ya ajiye sai dare. Kan wani ɗan gidan abinci ne da ke ƙasan benen da muke haya a gefen Kuala Lumpur, da wata kunya da na sha a cikinsa, da abin da kunyar ta sa na je na karanto. 🧵

2/ Duk wanda ya zauna Malesiya ya san su, "kedai tomyam" ake ce musu. Shago ɗaya ne ko rumfa, kujerun roba, ƙananan fitilu masu launi a ƙofa, talabijin a maƙale ana ƙwallo. Sai la'asar sakaliya suke buɗewa, su kai ɗaya ko biyun dare. Idan kuɗin wata ya fara jan ƙafa, can ɗalibi yake nufa.

3/ Namu tebur tara ne kacal. Maigidan na gaban wuta da ƙaton kasko, matar ke karɓar oda da kuɗi. Kowa Kak yake ce mata, wato Yaya, ita kuma ta ce min adik, ƙane. Shekara biyu ina ci a wurin. Ta san ba na son albasa ɗanya, ta kuma san ranar da zan ce a rubuta sai an turo daga gida.

4/ Tomyam ɗin kanta miya ce mai ruwa-ruwa, tsami da yaji a gaba. Akwai ciyawar nan mai ƙamshin lemo da wasu ke jefawa a shayi, da wata saiwa 'yar'uwar citta, da ganyen lemun tsami, da barkono, sai kaza ko jatan lande. Idan mura ta kama ka, cokali uku hancinka ya buɗe. Farfesu ne dai da ya yi karatu a waje.

5/ To wata rana na ga dama in burge ta. Na koyo gaisuwar Tailan a YouTube. Ina shiga na haɗa tafin hannu a ƙirji, na ɗan rusuna, na ce "sawaddi khrap". Ta tsaya ta dube ni, sai ta ce, "Wa alaikumus salam, adik." Maigidan sai da ya ajiye ludayi don dariya.

6/ Ba ta yi fushi ba. Da ta kawo shayi ta ce min, rabi da Malayanci rabi da Turanci: fasfo ɗina na Tailan ne, amma mu mutanen Patani ne, Malay ne mu, wannan gaisuwar a makaranta da ofishin gwamnati muke yin ta. Ta wuce teburin gaba abinta.

7/ Wallahi abin ya tsaya min. Ni ne fa kullum nake ƙorafi idan aka ji Najeriya aka ce min "ai Legas", ko a tambaye ni wai ya aka yi na zama Musulmi. Shekara biyu matar nan na ciyar da ni, da ɗankwalinta da komai, ban taɓa tambayar daga ina take ba. Allon shago ya ce Thai, shi ke nan na rufe littafi.

8/ Abin da na gano a taƙaice: wannan da duniya ke kira "abincin Tailan" sau biyu gwamnati ta sa masa hannu da gangan, na farko wajen 1940, na biyu a 2002. Kuma a duka lokutan biyun, mutanen su Kak suna can kudu suna ɗanɗana kuɗarsu a hannun gwamnatin. Bari mu bi shi daki-daki.

9/ Mu fara da barkono. Ka ce abincin Tailan, kowa yaji zai tuna. Amma barkono ɗan nahiyar Amurka ne, 'yan Fotugal suka yaɗa shi a Asiya. A 1511 suka ci Malaka, a nan Malesiya, a shekarar kuma suka aika manzo Ayutthaya, babban birnin Siyam na wancan zamani. Kafin zuwan barkono, da masoro da citta ake samun zafi a miya.

10/ (Mu ma kada mu yi dariya. Attaruhu, tumatir, gyaɗa, masara, rogo, duk daga can suka zo mana.)

11/ Ayutthaya kasuwa ce ta duniya, daga 1351 har Bama suka ƙone ta a 1767. Sinawa da unguwarsu, Japanawa da tasu, Farisawa, Holandawa, Faransawa. A farkon ƙarni na 17 wani ɗan kasuwa Bafarishe, Sheikh Ahmad daga Ƙum, ya zauna a birnin har ya samu sarauta. Jikokinsa, gidan Bunnag, su suka riƙe manyan muƙaman Siyam a ƙarni na 19.

12/ Ta hanyar irin waɗannan fataken Musulmi wata miya ta shiga fada, mai kirfa da kanumfari da madarar kwakwa. Sunanta massaman, daga tsohuwar kalmar Farisanci "musulman". Miyar Musulmi ke nan ƙarara. A 2011 CNN ta sa ta lamba ɗaya a jerin abinci 50 mafi daɗi a duniya, a matsayin abincin Tailan.

13/ Har kayan zaƙinsu na gwaiduwar ƙwai, irin foi thong mai kamar zaren zinare, ana danganta su da Maria Guyomar, mace mai jinin Japan da Fotugal, matar wani Bagirke da ya zama na hannun daman Sarki Narai. An kashe mijin a 1688, ita kuma ta ƙare a madafar fada.

14/ Sai taliya. A 1855 Siyam ta sa hannu a yarjejeniyar Bowring da Ingila, ƙofar fitar da shinkafa ta buɗe. Aka yi ta haƙa magudanai ana mai da fadamun kogin Chao Phraya gonaki. Sinawa suka yi ta kwararowa, su ne 'yan dako, su ne masu injin casa, su ne dillalai. Taliyar shinkafa da kaskon suya mai zurfi, su suka zo da su.

15/ Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Yanzu mu gangara kudu, garin su Kak.

16/ Patani daula ce ta Musulmi Malay a bakin teku, mai tashar jiragen ruwa da Sinawa da Turawa ke rububi. Daga 1584 mata huɗu suka mulke ta a jere, sunayensu launuka: Raja Hijau, Raja Biru, Raja Ungu, Raja Kuning. Kore, Shuɗi, Shunayya, Rawaya. Da na karanta sai Sarauniya Amina ta faɗo min.

17/ Suna aika wa Siyam gaisuwar 'yar bishiyar zinare duk bayan shekara uku. Siyam na kallon abin a matsayin mubaya'a, su kuma suna ganin kyautar zumunci ce. A 1786 Siyam ta ci garin da yaƙi, ta ɗauke babbar igwarsu zuwa Bangkok. Har yau tana nan a gaban ma'aikatar tsaro, masu yawon buɗe ido na ɗaukar hoto.

18/ Ƙasar malamai ce. A littattafan Larabci Fatani ake rubuta ta. Sheikh Dawud al-Fatani, wanda ya rasu a 1847, ya yi zamani da su Shehu ɗan Fodiyo da Sarkin Musulmi Bello, yana Makka yana rubuta fiƙihu da Malayanci a haruffan Larabci. Jawi suke kiran rubutun, ajaminsu ke nan. Makarantunsu kuwa, pondok, bukkokin ɗalibai ne kewaye da gidan malam. Ka ga tsangaya.

19/ A 1902 Bangkok ta tuɓe sarkin Patani na ƙarshe, Tengku Abdul Kadir, ta tsare shi. Shekara ɗaya kafin Turawa su shiga Kano da Sakkwato. Sai 1909 Ingila da Siyam suka zauna suka raba ƙasashen Malay na arewa: Kedah, Kelantan, Terengganu da Perlis wa Ingila, Patani wa Siyam.

20/ Ɗan Jibiya ko ɗan Maigatari ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Wani ɗan kogi ne, Golok, ya zama iyaka. Wannan gaɓa Kelantan, waccan Narathiwat. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, ana aure tsakani. Na wannan gefe ya zama ɗan Malesiya, na wancan ya wayi gari ɗan ƙasar mabiya Buddha. Kak 'yar Narathiwat ce.

21/ Yanzu ga gogan. A 1932 wasu matasan sojoji da ma'aikata suka kawo ƙarshen mulkin sarki mai cikakken iko. Cikinsu akwai wani hafsan manyan bindigogi da ya yi karatu a Faransa, Plaek Phibunsongkhram, ana ce masa Phibun. Ya zama firaminista a 1938. Mutum ne da Mussolini ke burge shi, kuma bai ɓoye ba.

22/ A 1939 ya canza sunan ƙasa daga Siyam zuwa Tailan, ƙasar Thai. Sunan Siyam bai ɗauki ƙabila ba, sabon kuwa ya ɗauka. Daga 1939 zuwa 1942 ya fitar da umarni 12 kan yadda ɗan ƙasa zai rayu: yadda zai sa kaya, harshen da zai yi, har yadda zai raba awoyin yininsa.

23/ Wasu abin dariya ne. Dole a sa hula irin ta Turawa idan za a fita. Maza wando, mata siket. Aka ƙarfafa wa magidanta su sumbaci matansu kafin su tafi aiki. Aka hana taunar betel, wanda a wurinsu kamar goro ne, har aka sare itatuwan. Ku ƙaddara gwamnati ta wayi gari ta haramta goro a Kano.

24/ Na uku cikin umarnin ba na dariya ba ne: a daina kiran mutane da sunayen yankunansu ko jinsinsu, kowa Thai ne. Babu ɗan Lao na arewa maso gabas, babu Malay na kudu. Sinawa kuwa aka rufe musu makarantu da jaridu, aka keɓe sana'o'i da dama aka ce sai Thai.

25/ Sai yaƙin duniya. Disamba 1941 Japan ta sauka, Phibun ya haɗa kai da ita, Janairu 1942 ya shelanta yaƙi da Ingila da Amurka. A ƙarshen 1942 ambaliya ta cinye Bangkok da gonakin tsakiyar ƙasa. Shinkafa ta yi tsada a ƙasar da gaisuwarta ta yau da kullum ita ce "ka ci shinkafa kuwa?"

26/ Nan gwamnati ta tashi da gangami a ci taliya. Lissafin a fili yake: da tsakin shinkafa ake yin ta, kwano ɗaya ba ya cin shinkafa da yawa, ga arha, ga sana'a ga talaka. Matsala ɗaya: taliya abincin Sinawa ce, su ke tallarta, kuma su gwamnatin ke ƙoƙarin turewa gefe.

27/ A wannan yanayi pad thai ya bazu. Cikakken sunansa kuaitiao phat thai, taliya soyayya irin ta Thai. Kalmar farko ta Sinanci ce, ta ƙarshe sabon sunan ƙasa. Abincin da turawa ke ɗauka ya kai shekara dubu, bai girmi kakata sosai ba.

28/ Kuma ku ji abin da ke ciki: tsamiya, gyaɗa dakakkiya, barkono, ƙwai, awara, sukarin dabino-dabino mai kamar mazarƙwaila, tsiron wake, busasshen jatan lande, da ruwan kifi da aka tsima da gishiri, daddawarsu ke nan. Ranar farko da na ci na ce wa abokina ɗan Gombe, ai wannan Hajiya za ta iya haɗa shi da abin da ke kicin ɗinta.

29/ Gaisuwar da na kwaso fa? Haɗa hannu tsohon abu ne. Amma kalmar sawaddi wani malamin jami'ar Chulalongkorn ne ya ƙago ta daga Sanskrit, gwamnatin Phibun ta mai da ita gaisuwar ƙasa a 1943. Wato da gaisuwar Phibun na gaida Kak. Da na karanta wannan sai da na rufe kwamfuta na ɗan yi tagumi.

30/ Domin a kudu umarnin nan ba wasan hula ba ne. Aka hana zanen Malay da rawani a wuraren gwamnati. Malayanci ya zama abin tuhuma a ofis da makaranta. Aka matsa wa mutane su ɗauki sunayen Thai. Aka soke aiki da shari'ar Musulunci a aure da gado, sai 1946, bayan faɗuwarsa ta farko, aka dawo da ita.

31/ Wani malami, Haji Sulong, wanda ya yi shekaru a Makka ya dawo gida a 1927, ya miƙa buƙatu bakwai a 1947. Daga ciki: ɗan yankin ya shugabanci lardunan, kashi 80 na ma'aikata su zama Musulmi, a yi Malayanci a firamare da ofis tare da Thai, harajin yankin a kashe shi a yankin. Bai nemi ɓallewa ba.

32/ Janairu 1948 aka kama shi. A Afrilun shekarar Phibun ya dawo mulki, a watan ne kuma aka yi artabu da 'yan sanda a ƙauyen Dusun Nyor, aka kashe mutane da dama. An saki malamin a 1952. Agusta 1954 'yan sanda suka kira shi Songkhla, ya tafi da babban ɗansa. Har yau ba a ga ko gawarsu ba.

33/ Daga shekarun 1960 ƙungiyoyin 'yan bindiga suka ɓulla. Yankin ya zauna a cikin mafi talauci a ƙasar, yara na shiga aji a koyar da su da harshen da ba sa ji a gida. Ga Malesiya nan ƙetaren kogi, harshe ɗaya, addini ɗaya, tattalin arzikinta na tashi. Me kuke zato matasa za su yi?

34/ Tun shekarun 1970 suka fara buɗe shagunan tomyam a Kuala Lumpur. Wa ya samu wuri ya ɗauko ƙane, ƙane ya fara da wanke-wanke, ya koma haɗa shayi, ya hau kasko, ya yi aure ya buɗe nasa. Irin yadda mai shayi ko mai suya ke jawo 'yan garinsu a Legas. Yau dubbai ne a faɗin Malesiya.

35/ Ga wurin da ya fi ba ni mamaki. Tomyam ba abincin Patani ba ce. Ta tsakiyar Tailan ce, ta mutanen bakin kogi wajen Bangkok. Na tambayi maigidan a ina ya koya, ya ce a nan Kuala Lumpur, a shagon kawunsa. Ya ce a gidansu bai taɓa ganin mahaifiyarsa ta dafa ta ba.

36/ Nasu na gado shi ne nasi kerabu: shinkafa da aka rina shuɗiya da wata fure, ganyayyaki ɗanye yankakku, kwakwa soyayya, kifi, a zuba budu, wato miyar ƙananan kifi da aka tsima wata da watanni. Amma 'yan Kelantan na sayar da wannan tun tuni. Abin da ɗan Malesiya ke marmari shi ne abincin Thai da zai ci hankali kwance, na halal.

37/ Sai suka sayar masa da abin da yake nema. A gida ana ce musu ba su cika Thai ba, suka tsallako nan suna cin abinci da sunan Thai. Ni dai ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Har wani abinci ake yi, nasi goreng Pattaya, soyayyar shinkafa a naɗe cikin wainar ƙwai. Sunan garin Tailan ne, amma girkin na nan Malesiya ne.

38/ Hannun gwamnati na biyu. Yuli 1997 kuɗin Tailan, baht, ya faɗi warwas, ya ja Indunisiya da Malesiya da Koriya ta Kudu. Sunan da aka laƙaba wa rikicin a can: rikicin Tom Yum Kung. Da sunan miya. A 2001 attajirin sadarwa Thaksin Shinawatra ya hau mulki da alƙawarin farfaɗo da ƙasa.

39/ A 2002 gwamnatinsa ta fito da shirin Global Thai. Mujallar The Economist ta ruwaito burin a lokacin: gidajen abincin Thai a ƙasashen waje su tashi daga kusan 5,500 zuwa 8,000. Aka horar da masu girki, bankunan gwamnati suka ba da rance, aka ma tsara samfurin shago iri uku, na masu ƙaramin ƙarfi, na tsaka-tsaki, na masu hannu da shuni.

40/ Ma'aikatar kasuwanci ta ƙirƙiro tambarin Thai Select da ake liƙa wa shagon da aka yarda girkinsa na ainihi ne. Dabara ce mai kyau, gaskiya. Kowane shago a Landan ko Sidni na sayen shinkafa da ruwan kifi da madarar kwakwa daga gida, wanda ya ci ya ji daɗi kuma gobe ya yanki tikitin Bangkok.

41/ Shi ya sa duk inda ka shiga a duniya jerin abincin kusan ɗaya ne: pad thai, koriyar miya, tomyam, shinkafa mai danƙo da mangwaro. Disamba 2024 UNESCO ta sa tomyam ta jatan lande a jerin al'adun duniya. Ina karantawa ina tunanin kilishi da masa da har yau kowa tasa ta fisshe shi.

42/ Amma ku dubi shekarun. Shirin abinci 2002. Janairu 2004 aka kai hari barikin soja a Narathiwat, rikici ya dawo sabo. 28 ga Afrilu sojoji suka kashe mutum 32 da suka fake a tsohon masallacin Krue Se, bayan hare-haren da aka kai wa wuraren jami'an tsaro da asubar ranar.

43/ Sai Tak Bai, 25 ga Oktoba 2004, cikin azumi. Zanga-zanga a gaban caji ofis. Aka harbe bakwai. Aka kama kusan 1,300, aka ɗaure hannuwansu ta baya, aka jibge su kwance wani kan wani a motocin soja, tafiyar awa biyar zuwa bariki. Da aka buɗe, 78 sun mutu, numfashi ya gagara. Inna lillahi.

44/ Firaministan da ya biyo baya, Surayud, ya nemi gafara a 2006, daga baya an biya diyya. Amma 25 ga Oktoba 2024 wa'adin shari'ar na shekara 20 ya cika ba tare da an hukunta ko mutum ɗaya ba. Waɗanda aka tuhuma kawai ƙin zuwa kotu suka yi har ranar ta wuce.

45/ Kada wani ya ɗauki wannan ya ce ina wanke 'yan bindiga. Sun kashe malaman makaranta, sun kashe limaman Buddha masu bara da safe, sun sa bam a kasuwa, kuma Musulmi da yawa a hannunsu suka mutu. Sama da mutum 7,000 tun 2004. Mu da muka ga abin da aka yi a arewa maso gabas mun san yadda talaka ke zama tsakanin wuta biyu.

46/ Tak Bai a lardin su Kak take. Ban tambaye ta ba, ba kuma zan tambaya ba. Abinci na zo ci, ba ta bin ni bashin labarin rayuwarta.

47/ Abin da muka yi hira a kai shi ne shinkafa. Na ce mata ai ni da shinkafarku aka yaye ni, a gidanmu "'yar Tailan" ita ce ta ranar Sallah da ta baƙi. Na sa ƙanwata ta turo hoton ƙwayar a tafin hannu. Kak ta ƙura ido, ta kira maigidan, suka yi ta juya wayar. Ta ce wannan mai ruwan ɗorawa? Ba ta taɓa dafa irinta ba.

48/ Gaskiyarta. Wadda ake kawo mana turararriya ce, ana jiƙa shanshera a turara ta a busar kafin a casa, shi ya sa take warara, ta dace da dafa-duka. Don Afirka da Gabas ta Tsakiya ake yin ta. Su tasu fara ce mai laushi da ƙamshi, hom mali, irin da aka fitar wa manoma a 1959, sai mai danƙo a arewa.

49/ Kuma mun saya fa. Sama da tan miliyan ɗaya Najeriya ta ɗauko daga Tailan a 2014. A 2015 Babban Banki ya hana dalar gwamnati ga masu shigo da kaya 41, har da shinkafa, aka ƙaddamar da shirin rancen manoma a Kebbi. Sai ga Jamhuriyar Benin, mai mutum miliyan goma sha, ta zama kan gaba a sayen shinkafar Tailan a duniya.

50/ Kowa ya san ba a Kwatano ake cinye ta ba. Ta sauka can, ta hau mota ta bi ta Nijar, ta shigo mana a bayan babur buhu uku-uku. Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa har Disamba 2020. Ina sakandare lokacin, a nan na koyi tsince tsakuwa a 'yar Hausa, kuma a nan na gane ta fi daɗi a tuwo.

51/ Da na ba su labarin babura sai maigidan ya yi dariya, ya ce a kogin Golok ma haka ake yi, da kwalekwale. Shinkafa ta tsallako nan, man girki da fetur su tsallaka can. Muka zauna ni da shi muna gasar wa ya fi sanin dabarun fasa-ƙwauri, Kak na ce mana mu ji tsoron Allah.

52/ Jiya suka rufe shago, sun tafi gida. Mota za su kwana a ciki zuwa Rantau Panjang, su buga fasfo, su tsallaka gada zuwa Sungai Kolok, daga nan shingayen soja har ƙauyensu. Ta ce idan sun dawo za ta yi min nasi kerabu da budun mahaifiyarta, ba ya cikin takardar oda, sharaɗin in kawo yajin ƙuli da Hajiya ta aiko min.

53/ Na ce to, amma ki sani yajin nan ba wasa ba ne. Ta dube ni irin kallon ranar nan, ta ce adik, ni za ka gaya wa barkono? Saura kwana goma sha biyu su dawo. Kafin nan ni da ɗan Gombe Indomie ce safe da dare, kuma shi ko ƙwai bai iya soyawa ba.